Daga Ina Kankana Ta Samo Zaƙinta?

Kankana 'yar gidan ɗaci ce. Masana tsirrai sun ƙidaya jinsi bakwai a zuriyar da suke kira Citrullus, dukkansu 'yan Afirka, kuma in ka cire kankanar da muke sha, sauran shidan ba abin marmari ba ne. Fasa ɗaya a daji ka gani: tsoka fara, mai tauri, galibi da ɗacin da zai sa ka yini kana tofar da yawu. Makiyayin da ya yi yawo a yashin arewa ya san kwartowa, mai yaɗo a kan rairayi da ƙananan 'ya'yanta masu zane. Ita ce hanzal ɗin Larabawa, wadda har a hadisi aka buga misali da ɗacinta. To a cikin wannan gida aka sami ɗiya guda ja jawur, mai ruwa, mai zaƙi, wadda duniya take noma kusan tan miliyan 100 nata duk shekara, fiye da rabi a ƙasar Sin.

Ba a daji aka tsince ta haka ba. Wasu mutane ne a wani wuri suka ci karo da yaɗon da 'ya'yansa ba su da ɗaci, suka ajiye irin, suka shuka, jikokinsu suka ci gaba da zaɓe. Su wane ne, kuma a ina? Wace ce uwar kankana a cikin danginta? An shafe fiye da shekara 150 ana ba da amsa, kuma amsar da ta fi daɗewa a littattafan makaranta kuskure ce.

Amsar nan daga kudancin Afirka ta fito. David Livingstone, wanda ya ratsa hamadar Kalahari a 1849, ya ba da labari a littafinsa na 1857 cewa duk shekarar da ruwa ya sauka sosai, ƙasa takan rufe da wata irin guna ta daji, mutane na ci, giwaye na ci, har zakuna da kuraye, wasu 'ya'yan na shayuwa, wasu kuma ɗaci zalla. Masana a Turai suka ce ai ga gidan kankana nan. Akwai kuma wata shaida da ta girme wa labarin Livingstone. A 1773 wani Basuwide mai suna Carl Peter Thunberg, almajirin Linnaeus wanda ya tsara yadda ake raɗa wa tsirrai suna, ya tsinki wani yaɗo mai gashi-gashi a kusa da Cape Town, ya busar da shi, ya manna a takarda, aka ajiye a jami'ar Uppsala. A 1794 ya wallafa bayaninsa. Daga wajen 1930 masu rarraba tsirrai suka haɗe wannan yaɗo na Thunberg da kankanar gona, suka ce abu ɗaya ne, har sunan da kankana take amsawa a kimiyyance, Citrullus lanatus, daga wannan takarda ya samo asali. Tun da an ga kankana a dajin Afirka ta Kudu, kuma sunanta ma daga can yake, magana ta ƙare ke nan.

Sai dai akwai abin da ya ƙi zama daidai, kuma a Masar yake. A bangon wani kabari a Sakkara, da wani a Meir, masu zane na zamanin Fir'aunoni sun zana wani ɗan itace mai tsawo, mai ratsi-ratsi, an ɗora shi a cikin kayan ci, a ɗaya zanen ma kusa da inabi. Zanen da ya fi tsufa ya haura shekara 4,300. Siffar tana da muhimmanci, domin 'ya'yan dangin kankana na daji ƙanana ne kuma zagayayyu, mai tsawo kuwa sai wadda hannun manomi ya daɗe yana juyawa. An kuma sami 'ya'yan kankana a kabarin Tutankhamun, wanda ya mutu kimanin shekara 3,300 da suka wuce. A lokacin da aka yi waɗannan zane babu mai noma a kudancin Afirka. Noma bai isa can ba sai wajen shekara 2,000 da suka wuce. Wa zai hore kankana a ƙasar da ba a fara shuka ba, sannan ya ɗauko ta ya ratsa tsawon nahiya ya kai bakin Nilu? An san da wannan tambaya, aka yi ta kewaye ta.

Wadda ta tunkare ta gaba da gaba wata masaniyar tsirrai ce da take jami'ar Munich ta Jamus a lokacin, Susanne Renner, tare da ɗalibinta Guillaume Chomicki. Dabararsu mai sauƙin faɗi ce: a koma kan ainihin takardar Thunberg a tambaye ta. Suka sami ɗan ɓarɓashin ganyen da ya shekara fiye da 240 a bushe, suka ciro sinadarin gado na DNA daga cikinsa, suka gwada da na kankana da na sauran dangin. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna cewa abin da Thunberg ya tsinka ba kankana ba ne ko kaɗan. Wata 'yar uwarta ce ta nesa, gunar Kalahari da ake kira tsamma, wadda a yau sunanta Citrullus amarus. Ganye ya yi kama, fure ya yi kama, zanen ɓawo ya yi kama, amma kama da wane ba ta wane. Shekara tamanin da wani abu masana suna gina bayani a kan samfurin da ba shi ba ne. Don kada a rikita littattafan duniya, aka yarda kankana ta ci gaba da amsa sunan, aka zaɓa mata sabon samfuri na gaskiya.

Gwajin ya kuma wanke kwartowa, wadda wasu suka daɗe suna zargi saboda tana tsirowa har a gefen kwarin Nilu. Ita ma reshenta ya rabu da na kankana tun da daɗewa. Wadda ta fito a matsayin mafi kusanci a wancan gwaji ita ce agushi, wato jinsin da ake nomawa a Najeriya da Benin da Ghana har zuwa Senegal, mai 'ya'ya da taushin ɓawo, wanda ake daka su a yi miya. Ganin haka sai Renner da Chomicki suka karkata ga cewa Afirka ta Yamma ce mahaifar kankana.

Ni kaina da maganar ta tsaya a nan da na ji daɗi, don wa zai ƙi a ce daga gonakinmu ta fito? Amma a wannan shekara ta 2015 wani masanin kabewa da danginta a Isra'ila, Harry Paris, ya kawo ƙorafin da ba a iya turewa. Ya ce agushi an hore shi ne don 'ya'yansa, tsokarsa kuwa zubarwa ake yi; kankana kuma an hore ta don tsoka da ruwa. Hanyoyi biyu ne masu juya wa juna baya. Sannan duk tsofaffin shaidu, zane da iri da rubutu, a arewa maso gabashin Afirka da kewayen Bahar Rum suke. Ya bi sawun kankana a rubuce-rubucen Helenanci da Latin da Ibrananci, ya ga malaman Yahudawa na wajen shekara ta 200 Miladiyya suna lissafa ta tare da ɓaure da inabi da rumman wajen hukuncin fitar da ushiri, alamar cewa a lokacin ta riga ta zama abin zaƙi. Ya ga wani zanen daɓe na wajen shekara ta 425 da ya nuna yankakkiyar kankana mai tsoka ruwan lemo. Ja kuwa bai same shi a zane ba sai a littattafan lafiya na Italiya na ƙarni na 14.

Paris ya ƙara da wata magana wadda duk mutumin Sahel zai gane ta nan take. Ya ce waɗanda suka fara shuka kankana ba zaƙi suke nema ba, ruwa suke nema. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne, kuma nau'in da ke da kaurin ɓawo, in aka jibge shi a inuwa, yakan yi makonni har watanni bai lalace ba. Randa ce da take tsirowa da kanta, a cika ta da damina a sha da rani. Wannan ne zai sa a zana ta a kabarin manyan Masar, mutanen da suka yi imani mamaci na da doguwar tafiya a gabansa. Don haka, in ji shi, a nemi uwar kankana a busasshiyar ƙasa kusa da Nilu.

Abin mamaki, an riga an gan ta, an rubuta, aka manta. Georg Schweinfurth, Bajamushen da ya yi yawon tattara tsirrai a Sudan a ƙarni na 19, ya ambaci wata ƙaramar kankana mai farar tsoka wadda ba ta da ɗaci. A 1966 wani masani a Tarayyar Sobiyet, Ter-Avanesyan, wanda yake aiki da irin da aka tara a cibiyar Vavilov ta Leningrad, ya yi bayaninta a rubuce, ya sa mata sunan Kordofan. Bayanin ya kwanta a mujallar Rashanci shekara da shekaru, masu neman asalin kankana suna can suna duban Kalahari.

Kordofan da maƙwabciyarta Darfur ƙasa ce ta jigawa da ƙarancin rijiya, irin wadda mutane suke rarake cikin kuka su tara ruwan sama don rani. A can manoma suna shuka wannan kankana a tsakanin gero, mutum ya sha, raƙumi da akuya su sha, 'ya'yan kuma a soya ko a sayar. Har yau Sudan tana cikin masu fitar da 'ya'yan kankana zuwa waje. Tsohuwar hanyar alhazan ƙasar Hausa, waɗanda suke tafiya Makka a ƙasa ta Barno da Wadai, ta El Fasher da Nahud da El Obeid ta bi, kuma da wuya a ce ba su jiƙa maƙogwaro da ita ba. Ita dai ba abin kallo ba ce. Zagayayya ce, ba ta wuce a riƙe da hannu biyu ba, cikinta fari, zaƙinta kaɗan. Wanda ya saba da ta bakin titi zai ce ɗanya ce.

Renner da Chomicki ba su kafe a kan ra'ayinsu na farko ba, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni a dukan labarin. Suka nemo irin Kordofan, suka shuka, suka haɗa kai da Zhangjun Fei da Shan Wu na cibiyar Boyce Thompson a Amurka da Oscar Pérez-Escobar na lambun Kew a Ingila, aka karance DNA ɗinta kakaf, aka gwada da na samfura sama da 400 na kankana da danginta waɗanda aka riga aka karance a 2019. A 2021 suka fitar da sakamako: babu wadda ta kai 'yar Kordofan kusanci da kankanar gona. Agushi 'yar uwa ce ta kusa, amma ta Kordofan ta fi ta. Sun ce ita ce mafi kusa, kuma mai yiwuwa ita ce tushen.

Daga nan aka fara ganin yadda abin ya faru daki-daki. Ɗacin dangin kankana daga wani sinadari yake, kukurbitasin, wanda shukar take yi don kare kanta daga masu ci. Akwai ƙwayar gado guda wadda aikinta shi ne ta ba da umarnin a zuba wannan sinadari a cikin 'ya'yan. A kankanar gona harafi ɗaya ya sauya a rubutun wannan ƙwaya, umarnin ya yanke a tsakiya, ɗaci bai ƙara shiga tsoka ba. Da aka duba 'yar Kordofan sai aka ga ita ma da wannan sauyi. Ashe mutanen farko ba su cire ɗaci da dabara ba; sun tarar da shukar da ta riga ta rasa shi, suka gane darajarta, suka riƙe. Riƙewar ce aikin, domin ɗaci yana rinjayar rashinsa a wajen gado. In ƙudan zuma ya ɗauko garin fure daga yaɗo mai ɗaci ya kai wa mai daɗi, irin da zai fito a shekara mai zuwa mai ɗaci ne. Sai an yi ta cire masu ɗaci daga gona, ana nesanta mai kyau da na daji, shekara bayan shekara. Lambunan bakin Nilu, inda ake ban ruwa a kuma sa ido a kan kowane yaɗo, wuri ne da irin wannan aiki zai yi saurin cin nasara.

Ja kuma labarinsa dabam. Launin daga likofin yake, sinadarin da yake sa tumatir ja. A dangin daji akwai wani ma'aikacin sinadari da yake sarrafa likofin ya mai da shi wani abu, don haka ba ya taruwa. A jar kankana ƙwayar gadon da take samar da wannan ma'aikaci ta sami sauyin da ya rage shi, sai likofin ya taru, tsoka ta rine. 'Yar Kordofan ba ta da wannan sauyi. Wato ja daga baya ya zo, a hannun manoma, kamar yadda zanen da Paris ya bi sawu suka nuna. Zaƙi ma haka ya riƙa hauhawa, ta hanyar ƙwayoyin gadon da suke janyo sukari daga ganye su tara a tsoka, har aka kai yau da sukarin kankana mai kyau yake kai kashi 10 cikin 100 ko fiye.

Saura ƙulli guda, kuma a Libiya yake. A duwatsun Akakus, gabas da Gat, garin da a da ayarin fataken Kano suke yada zango a hanyar Tarabulus, akwai wata inuwar dutse da ake kira Uan Muhuggiag. Masu haƙar kufai sun tono 'ya'yan wani ɗan gidan kankana a wurin, waɗanda awo ya nuna sun kai shekara 6,000. Su ne mafi tsufa da aka sani, kuma an daɗe ana ɗaukar su a matsayin kankana ta farko. In haka ne, to Sahara ta riga Sudan. A wancan zamani Sahara ba hamada ba ce. Akwai ciyawa da tafkuna, makiyaya suna kiwon shanu da awaki suna zana su a jikin duwatsu.

Pérez-Escobar da abokan aikinsa suka yi nasarar karanta DNA na waɗannan 'ya'ya, tare da wasu masu shekara 3,300 daga Amara ta Yamma a arewacin Sudan, suka wallafa a 2022. Na Libiya suka fito da abin da ba a zata ba. Shukar da ta haife su mai ɗaci ce, farar tsoka gare ta, kuma ta fi kusa da agushi a kan kankana. To me makiyaya suke yi da abin da ba ya shayuwa? Amsar tana jikin ɓawon 'ya'yan. Da aka ɗauki hotonsu da na'urar da take leƙa cikin abu, sai aka ga sun tsage daidai yadda ƙwaya take tsagewa in mutum ya sa ta tsakanin haƙora ya fasa. 'Ya'yan suke ci, su yar da tsokar, abin da mai agushi yake yi har gobe.

Da wannan sai zaren ya miƙe. Mutanen Afirka sun fara mu'amala da wannan gida ne ta 'ya'yansa masu mai, tun Sahara tana kore. Reshe guda ya ci gaba a kan wannan hanya, shi ne agushin Afirka ta Yamma. A gabas kuma, a ƙasar da rani yake da tsawo, aka riƙe reshen da ba shi da ɗaci saboda ruwansa. Wannan ya gangara kwarin Nilu, inda kafin shekara 4,300 da suka wuce ya zama mai tsawo, abin ɗorawa a faranti. Daga Masar ya shiga ƙasashen Bahar Rum, ya yi gabas har Indiya da Sin, zaƙi yana ƙaruwa, launi yana sauyawa, sannan ya tsallaka teku zuwa Amurka bayan 1492.

A wannan doguwar tafiya an yi asara. Duk lokacin da manomi ya zaɓi mafi zaƙi ya watsar da saura, yana watsar da wasu halaye da bai gani ba. Binciken DNA ya nuna kankanar zamani duk kusan jini ɗaya ce. Nau'o'in da suka cika kasuwannin duniya, irin su Charleston Gray da aka fitar a Amurka a 1954 da Crimson Sweet ta 1963 da Sugar Baby da manomanmu na rani suka sani a cikin gwangwani da leda, bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne, don haka cutar da ta kama ɗaya ba ta shan wahalar kama saura. Maganin kuwa yana wurin dangin da aka raina. Gunar Kalahari, wadda aka kore daga matsayin uwa, ita ce take jure cutar da take sa yaɗo ya yi yaushi ya mutu daga saiwa, da tsutsar da take ƙulle saiwa. A 2019 masana a Amurka suka fitar da wani nau'inta mai suna Carolina Strongback, wanda ake yin aure da shi, saiwa tasa, sama na kankana. Wani agushi da aka ɗauka daga Najeriya aka ajiye a rumbun irin Amurka an same shi yana jure wata cutar bairos mai murɗe ganye, kuma masu kyautata iri suna aiki da shi. Gunar da ake shukawa a ƙarshen damina a arewacin Yobe da Borno, wadda take rayuwa da ɗan danshin da ya rage a yashi har ta yi 'ya'ya da rani, tana da juriyar farin da kankanar leda ba ta da shi, kuma a hannun ƙananan manoma irinta yake.

Ita kuwa 'yar Kordofan, shekara biyu kacal bayan an gane matsayinta yaƙi ya ɓarke a Sudan, a watan Afrilu na 2023. A Disamba na wannan shekara mayaƙan RSF, masu yaƙi da sojojin ƙasar, suka kama Wad Madani, inda rumbun iri na ƙasar yake da dubban samfuran da aka tattaro daga gonaki cikin shekaru masu yawa. Aka kwashe firjin da ake ajiye su, aka watsar da irin. Ma'aikatan rumbun sun ceto abin da suka iya, kuma a Fabrairu na 2025 aka kai wani kaso, ciki har da nau'o'in dawa masu yawa, babban rumbun iri na duniya da ke Svalbard a ƙasar Norwe. Sojoji sun ƙwace Wad Madani a Janairu na 2025, amma faɗan ya fi tsanani a Darfur da Kordofan, inda miliyoyin mutane suka bar garuruwansu da gonakinsu. Akwai nau'o'in wannan kankana da ba su taɓa shiga wani rumbu ba. A ƙwarya da buhu suke a ɗakunan manoma, kuma irin kankana in ya yi 'yan shekaru ba a shuka shi ba, ba ya tsirowa.